Sayen motar hannu a Jos: Abin da ma'aikaci mai ƙaramin ƙarfi zai duba kafin ya miƙa kuɗinsa

Duk wanda aikin gwamnati ya taɓa kai shi Jos daga Abuja ya san Hawan Kibo. Bayan an wuce Keffi da Akwanga, an ratsa gefen kudancin Kaduna, sai hanya ta miƙe sama tana lanƙwasa tsakanin duwatsu har ta kai Riyom. A wannan hawan ne asirin mota yake tonuwa. Wadda lagiretonta ya toshe za ta tafasa, wadda kulocinta ya cinye za ta yi ta ƙara ba ta tafiya, wadda birkinta ya gaji kuwa sai a gangarowa ake ganewa, lokacin da sanin ba shi da sauran amfani.

Jos gari ne na ma'aikatan tarayya. Akwai Jami'ar Jos da asibitin koyarwarta da ke Lamingo, akwai hedikwatar ITF, akwai Cibiyar NIPSS a Kuru da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi a Vom, ga kuma barikin soja na Rukuba. Da yawan waɗanda aka tura can iyalansu suna Abuja ko Nasarawa ko Bauchi, saboda haka kusan kowane ƙarshen mako suna kan hanya. A cikin gari kuma an hana acaba tun zamanin Gwamna Jonah Jang, kuma ba kowane lungu Keke NAPEP ke shiga da dare ba. Ga irin wannan ma'aikaci mota ta zama kayan aiki. Matsalar ita ce kuɗin sayenta.

Yadda mota ta fi ƙarfin albashi

Dattawan ma'aikata suna tuna lokacin da sabuwar Peugeot 504, haɗin kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975, take cikin abin da babban ma'aikaci ke samu da rancen ofis. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus na gida da mota zuwa kuɗi, aka bar kowa ya ji da kansa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. A watan Yunin shekarar aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan 460 ta kai sama da 1,500 a 2024. Da yake da dala ake sayo mota kuma da ita ake lissafin harajin kwastan, farashi ya ninka. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai kamo wannan tashin ba.

Don haka ma'aikacin da a da yake hangen Beljiyam, wato motar da aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita, yanzu ya koma neman ta hannu, wadda ta riga ta sha titunan Najeriya. Babu aibi a cikin hakan, sai dai dole mai saye ya ƙara buɗe ido.

Lissafi kafin zuwa kasuwa

Kuskuren farko shi ne mutum ya tafi da duk abin da ya tara ya zuba a farashin mota. Idan naira miliyan 6 ke hannu, a nemi motar da ba ta kai miliyan 5 ba. Ragowar tana da masu ita: juyen baƙin mai da tacensa, man birki, ruwan lagireto, batir, tayoyi, canjin suna a takardu, da inshora. Idan injin mai bel ne, kamar na Peugeot 406, a canza bel ɗin nan take, domin tsinkewarsa a kan tafiya kan lalata inji gaba ɗaya.

Sai shan mai. Zuwa Abuja da dawowa kusan kilomita 600 ne. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 48, mai shan lita 13 kuma za ta sha 78. Idan aka ƙaddara lita a naira 1,000, bambancin naira 30,000 ne a tafiya guda. Wanda ke zuwa gida sau biyu a wata zai ga cewa babbar jif ɗin da aka sakar masa da araha tana cin rabin albashinsa a gidan mai. Shi ya sa ƙananan motoci masu silinda huɗu, irin su Corolla da Civic da Golf, suka fi dacewa da ƙaramin aljihu, kuma kayan gyaransu ba sa wahalar samu a wajen 'yan kayan mota na Dilimi.

Wanda zai ci bashi, ko daga ƙungiyar gama-kai ta ofis, ko banki, ko shirin CREDICORP da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024 ta fara da ma'aikata, ya tambayi jimillar abin da zai biya har ƙarshe, kada ya tsaya a kan abin da za a riƙa cirewa a wata. Cirewar da ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi takan sa a ajiye motar a ƙofar gida saboda babu kuɗin mai.

Takarda kafin fenti

Kafin a buɗe bonet, a buɗe takardu. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Dole lambar da ke jikin mota ta zo daidai da wadda ke takardar kwastan, da ta shaidar mallaka, da lasisin mota. A ƙa'ida ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta, kuma a motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka harafi na goma shi ke nuna shekarar mota. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin ana canza wa tsohuwar mota fitilu da bamba a sayar da ita da sunan sabon yayi.

A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma a 2022 kwastan ta fara ƙiyasta haraji da lambar shasi. Duk da haka motocin fasa-ƙwauri masu jabun takardu suna yawo. Jami'an kwastan da ke kan manyan hanyoyi ba ruwansu da cewa mutum na uku ne ya saya, mota suke kamawa. Ziyara ɗaya zuwa ofishinsu don tantance takardar haraji ta fi shekara ana zarya a kan motar da aka ƙwace. Haka kuma a duba lambar mota a rumbun bayanan Hukumar Kiyaye Haɗurra, a kuma bincika wurin 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton sace ta.

Inshora ma a tantance ta. Tun Janairun 2023 kuɗin inshorar da ke biyan ɓarnar da mutum ya yi wa wani ya koma naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana ɗaukar asarar dukiya har ta miliyan 3, kuma 'yan sanda sun fara tilasta ta a Fabrairun 2025. Duk wanda ya kawo ta a ƙasa da wannan farashi, a yi shakkar takardarsa.

A je da sassafe

Sanyin Jos abokin mai sayen mota ne. A Disamba da Janairu zafin gari kan sauka kusa da digiri 10 da asuba, kuma injin da ya gaji ba ya iya ɓoye gajiyarsa a irin wannan sanyi. A roƙi mai mota kada ya tayar da ita kafin a iso, a kuma taɓa bonet a tabbatar. Farin tururi na ɗan lokaci daga salansa ba komai ba ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta inji yana ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi ɗaukewa, tare da kumfa mai launin madara a murfin baƙin mai, yana nuna gaskit ya ƙone.

A tafi da makanikin da aka sani, a biya shi kuɗin ranarsa. Makanikin da dillali ya kawo, ko wanda za a ba shi wani abu idan ciniki ya faɗa, ba idon mai saye ba ne. A kuma nemi mai na'urar kwamfuta ya karanta motar, domin duk wadda aka ƙera don Amurka daga 1996 tana da wurin jona ta. Idan aka murɗa makulli, fitilun gargaɗi na inji da ABS da jakar iska su kama sannan su mutu bayan tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne don ɓoye matsala.

Abubuwa biyu makanikai suka saba cirewa. Na farko na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, wadda ake jefarwa da sunan maganin tafasa. A gari mai sanyi kamar Jos, injin da ba shi da ita yakan daɗe bai yi ɗumi ba, ya sha mai, ya kuma ci kansa da wuri. Na biyu matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda ake kira indomi, ana sace ta saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta.

Daga nan a leƙa ƙasa. Motar da ta zauna a Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara, tsatsa kan ci ƙashinta. Motar da ambaliya ta shanye kuma, irin dubban da guguwar Harvey ta nutsar a Texas a 2017, takan shigo tana ƙyalli amma wayoyinta sun ruɓe. A ɗaga kafet, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, a duba ramin safaya. Laka ko warin danshi sun isa dalilin fasa ciniki. Ƙofofin da ba sa rufuwa daidai da walda a ƙashin gaba shaida ce ta babban haɗari. Da kuɗi kaɗan ana iya sayen tarihin motar Amurka ta intanet da lambar shasinta, a ga ko kamfanin inshora ya taɓa yanke mata hukuncin lalacewa, a kuma ga ainihin tafiyar da ta yi, tunda ana mayar da mita baya.

Gwajin tuƙi kada ya tsaya a zagayen layi. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tsayi, saboda ƙarancin iska. Motar da ke ja da kyau a Legas tana iya yin sanyi a nan. A ɗauki mutum uku ko huɗu, a hau tudu da na'urar sanyaya a kunne, a sa ido kan allurar zafi. Sannan a bi titin Yakubu Gowon zuwa Bukuru a ji yadda giya ke shiga, a taka birki da ƙarfi a wuri marar cunkoso a ga ko mota tana karkata ko sitiyari yana rawa.

Abin da ke ceton rai

Masu saye sukan tambayi rediyo da kujerar fata, su manta da abin da zai tsare su ranar tsautsayi. Mota mai ABS ta fi marar shi a titin da ruwa ya jiƙa, kuma damina a Filato tana kai wata shida, wani lokaci har da ƙanƙara. Na'urar da ke hana mota zamewa a kwana ta zama dole ga motocin Amurka daga samfurin 2012, saboda haka wanda ya samu mai ita ya fifita ta. Jakar iska kuwa a tabbatar tana nan, domin wasu da suka fashe a haɗari liƙe murfinsu kawai ake yi. Akwai kuma jakunkunan kamfanin Takata, waɗanda aka janye miliyoyinsu saboda suna iya tarwatsewa su watsa ƙarfe, kuma sun shafi Corolla da Accord da Civic na shekarun 2000, waɗanda suka cika titunanmu. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka tana bayar da damar duba wannan kyauta da lambar shasi.

A jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu, ko da zanenta bai cinye ba. A kuma guji motar da aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, kuma irin wannan juyi yana taɓa sitiyari da birki, gaɓoɓi biyu da ba a wasa da su.

Ranar ciniki

A yi maganar la'adar dillali tun farko, a san wanda zai biya ta. A ga mai motar ido da ido, a ga katin shaidarsa, a tura kuɗi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke takarda. A rubuta yarjejeniya mai lambar shasi da ta inji, shaidu su sa hannu, a kuma gaggauta canza suna, domin duk laifin da aka yi da motar mai sunan ake nema. Idan aka ce wani yana hanya da kuɗi a hannu, sai a bar masa. Motoci ba sa ƙarewa a kasuwa, ajiyar shekara biyar kuwa ba ta dawowa cikin sauƙi.

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Nagari a nan ita ce motar da takardunta suka tsaya, injinta ya tashi a sanyin asuba, birkinta ya kama, ko da fentinta ya koɗe. Wanda ya same ta ya ba ta mako biyu tana zirga-zirgar cikin gari, ya gyara abin da ya bayyana, kafin ya ɗora mata iyali. Ranar da zai gangara Hawan Kibo kuma ya sa ƙaramar giya, ya bar inji ya riƙe motar, kada ya kwanta a kan birki har ya yi zafi.