Mintunan da ke Tsakanin Faɗuwar Tanka da Tashin Wuta

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta ƙwace wa direbanta a garin Majiya, ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, ta kife a gefen titi. Ba faɗuwar ce ta ci jama'a ba. Man ya malala cikin magudanar ruwa, labari ya zaga gari, mutane suka fito da bokitai da jarkoki. Da wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Bayan wata uku, ranar 18 ga Janairu, 2025, aka sake kwatawa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Rahotanni sun ce ana ƙoƙarin juye man tankar da ta faɗi zuwa wata da janareta ne gobarar ta tashi, ta hallaka fiye da mutum 80. Mutanen Yamai ma sun ga irin wannan rana a watan Mayun 2019 kusa da filin jirgin sama.

Akwai ilimin da aka gina musamman don hango irin wannan bala'i tun kafin ya auku, ana kiran sa nazarin haɗari. Masu wannan aiki sukan tambayi me zai iya lalacewa, sau nawa ake sa ran hakan, kuma idan ya lalace ina ɓarnar za ta tsaya. Tun a shekarun 1960 injiniyoyin kamfanin ICI a Ingila suka ɓullo da wata hanya da ake bi har yau. Sai su shimfiɗa taswirar bututun masana'anta a kan tebur, su bi shi gaɓa-gaɓa suna tambaya: idan ruwan sinadari ya daina gudu a nan fa? Idan ya yi yawa, ko zafi ya haura, ko ya juya baya? Aiki ne mai cin rai, yakan ɗauki makonni. Amma duk lissafin yana komawa ne ga tambaya guda: mutum nawa ne ke kusa a lokacin da abin zai faru?

Birnin Bofal na Indiya ya amsa wannan tambaya da rayuka. Cikin daren 2 zuwa 3 ga Disamba, 1984, ruwa ya shiga wani tankin sinadari mai guba a masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide. Na'urar sanyaya tankin an kashe ta watanni kafin nan, hasumiyar da za ta ƙone iskar da ta tsere kuma tana kan gyara. Kimanin tan 40 na guba ya fita, kuma da yake ya fi iska nauyi sai ya kwanta ƙasa-ƙasa, ya bi lungunan talakawan da suka yi gidaje jikin katangar kamfanin. Gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 3,787, masu bincike da dama suna ganin adadin ya zarce haka nesa, sannan sama da rabin miliyan sun shaƙi gubar. Galibinsu ba su san abin da ke ajiye a bayan katangar ba, balle su san inda za su nufa.

Turawa sun riga sun ɗanɗana nasu bala'in masana'antar sinadarai a garin Seveso na Italiya a 1976. Dokar da suka kafa a 1982 ta tilasta wa masana'antu masu ajiye sinadarai masu haɗari su rubuta rahoton tsaro, su kuma sanar da maƙwabta abin da za su yi idan aka yi tsautsayi.

Tankar mai ta fi masana'anta wuyar sha'ani, domin ba ta da katanga ba ta da maigadi, kuma maƙwabtanta suna canzawa a kowace kilomita: yanzu tana daji, an jima tana tsakiyar kasuwa. Shi ya sa mai nazarin sufuri yake duba hanya kafin mota, wato ramuka, kwanoni, yawan jama'ar da ke bakin titi da lokacin da ya fi dacewa a wuce. Daga 1 ga Maris, 2025, hukumar kula da harkar man fetur ta Najeriya, NMDPRA, ta haramta loda tankoki masu cin lita 60,000. Mataki ne mai kyau, sai dai lita 45,000 ma ta isa ta tashi unguwa, muddin manyan hanyoyi suna ratsa tsakiyar garuruwa kuma direbobi suna kwana a kan sitiyari.

Abin da yawancin masu ɗiban mai ba su sani ba shi ne tiririn fetur ke kamawa, tun kafin ruwansa. Fetur yana fitar da tiriri ko da sanyin hunturu, tiririn ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka yana bin ƙasa, ya taru a kwalbati da ramuka, ya yi tafiya mai nisa ba a ganinsa. Kashi biyu cikin ɗari na wannan tiriri a cikin iska ya isa ya kama. Tartsatsin janareta, filogin babur, sigari, bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta, kowanne ya wadatar, wutar kuma ta biyo sawun tiririn har gindin tanka. Wanda tufafinsa suka jiƙe da mai ba shi da damar gudu.

Ba a raina halin da ke tura mutum can. A watan da abin Majiya ya faru, litar fetur ta haura naira dubu, magidanci kuma ya ga jarka guda a matsayin cefanen kwanaki. Amma a kowane irin wannan taro akwai ɗimbin 'yan kallo da masu ɗaukar hoto da waya, waɗanda ko cokali ba su ɗiba ba, wuta kuma ba ta tantance su.

Littafin da 'yan kwana-kwana ke amfani da shi a Amurka da Kanada ya ƙayyade tazara. Idan fetur ya malala da yawa, a kwashe mutane aƙalla mita 300 ta ɓangaren da iska ke kaɗawa. Idan tankar ta kama, mita 800 ta kowace fuska. Idan ta gas ce, mita 1,600, domin zafi na iya fasa tankin gaba ɗaya ya yi jifa da ƙarafa. A nufi inda iska ke fitowa, a hau tudu, a kashe injuna, a kira 112 ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Wasu tankokin suna ɗauke da allo ruwan lemo mai lambobi: 1203 fetur ne, 1202 dizal, 1075 ko 1965 gas ɗin girki. Faɗa wa 'yan kwana-kwana wannan lamba yana nuna musu kayan da za su zo da su, don watsa wa fetur ruwa kai tsaye yaɗa wutar yake yi, kumfa ake bukata.

Haɗarin da ya fi kusa da gidaje a yau shi ne shagunan ɗura gas da suka cika unguwanni. A watan Janairun 2020 ɗaya ya fashe a Sabon Tasha, Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa, Farfesa Simon Mallam. Mai unguwa da kwamitin masallaci suna da hurumin tambayar mai irin wannan shago lasisinsa, su duba ko yana da abin kashe gobara, su kuma auna tazarar da ke tsakaninsa da mai tuyar ƙosai, mai walda ko makarantar allo. Idan amsar ba ta gamsar ba, ofishin NMDPRA na jiha ne ke da alhakin karɓar ƙorafin.