Hawa Nawa Ne Zuwa Gidan Tsoho?

A Kano idan aka ce wane ya tashi, tambayar da ke biyo baya ita ce ina ya koma, kuma a 'yan shekarun nan amsar ba ta wuce bayan gari: Rimin Kebe, Bachirawa, Ɗanbare, Mariri, Gunduwawa, Panshekara. Ba son iska ne ke kai mutane can ba. Gidan gado na Yakasai ko Mandawari ko Koƙi da ya ɗauki kaka da 'ya'yansa ba zai iya ɗaukar jikoki da matansu ba. An yanka soro an yi ɗaki, an ci tsakar gida, an hau sama, har an rasa inda za a ƙara. Ɗan haya kuwa shekara na zagayowa mai gida zai aiko masa da saƙon ƙari. To tashi ya zama dole, ga kuma tsoho da tsohuwa a cikin birni waɗanda ba za a yi musu nisa ba.

Abin da na lura da shi shi ne yawancin masu neman wurin komawa ma'auni biyu suke riƙewa, kuma dukansu biyun suna yaudara. Araha suna auna ta da kuɗin haya kaɗai, kusanci kuma da tsawon hanya. Alhali a garin nan kusanci da yawan hawa ake auna shi. Unguwar da za ka tsaya a bakin titi ka hau adaidaita sahu ɗaya ya sauke ka a bakin lungunku ta fi kusa da wadda ake hango ta daga kan bene amma sai ka yi hawa uku kafin ka isa.

Dalilin haka yana cikin yadda Kano take a shimfiɗe. Manyan titunanta daga tsakiya suke fita, kowanne ya nufi garinsa: titin Zariya, titin Katsina, titin Gwarzo, titin Haɗeja, titin Maiduguri, da wanda ya bi ta Panshekara. Masu adaidaita da 'yan bas a kan waɗannan layuka suke jigila, su shiga gari su fito. Ratsawa daga wani layi zuwa wani ita ce mai tsada, don sai dai ka shigo tsakiya ka sake hawa, ko kuma ka ɗauki shata. Saboda haka wanda iyayensa ke wajen Kabuga ko Gwale, ya fara dubawa ta titin Gwarzo, daga Rijiyar Zaki zuwa Ɗanbare har Janguza, ko kuma Ɗorayi. Wanda gidansu ke Dala ko Gwammaja ko Ƙofar Ruwa, titin Katsina ne nasa: Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, har Dawanau. Mutumin Fagge ko Birged ya dubi titin Haɗeja, ta 'Yankaba zuwa Gunduwawa da Jogana. Na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni kuma ga Na'ibawa, ga Hotoro da Mariri. Idan ɗan Dala ya ga gida mai sauƙi a Mariri ya kama, ya sani cewa tsakaninsa da mahaifiyarsa akwai gari sukutum, da cunkosonsa na safe da na yamma.

A da ana iya kau da kai daga wannan lissafi, don kuɗin mota bai taka kara ya karya ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ke ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama. Alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Tun daga cire tallafin kuɗin mota ya zama haya ta biyu, wadda ba a biyan ta a dunƙule, shi ya sa ba a jin zafinta sai wata ya yi nisa. A ɗauki misali kawai: mutum ya samu ragin naira 200,000 a hayar shekara, amma zuwa Kantin Kwari da dawowa ya ƙaru masa da naira 1,000 a kullum. In yana fita kwana 26 a wata, a shekara ya kashe 312,000. Ba a sa kuɗin kai yara makaranta ba, ba a sa na uwargida in za ta je suna ko dubiya ba. Ragin ya tafi, har ya ja wani abu ya tafi da shi. Duk mai shirin tashi ya zauna da biro da takarda ya yi wannan lissafi da kuɗin motar layin da yake so, kuma ya tambayi masu hawa kullum, kada ya tambayi dillali.

Akwai kuma nisan dare, wanda ya bambanta da na rana. Ciwon tsofaffi, hawan jini ne ko ciwon suga ko faɗuwa a banɗaki, ba ya jiran gari ya waye. Tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, a 2022 kuma gwamnati ta taɓa hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Ko ba doka ma, akwai unguwannin da in an yi sallar isha'i ba mai adaidaitar da zai yarda ya shiga. Wanda ba shi da babur ko mota sai ya tambayi kansa: idan aka kira ni ƙarfe biyun dare, da me zan fita, kuma minti nawa zan yi kafin in kai tsoho Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya? In amsar ita ce sai da safe, to wurin ya yi nisa, ko da kuwa ana jiyo kiran sallar unguwarku daga can.

Wani abin da maza kan manta shi ne dangi biyu ne a gidan. Maigida yana auna nisan gidan iyayensa, ya bar na iyayen matarsa, alhali ita ce za ta wuni a sabuwar unguwa ba wanda ta sani. A cikin birni tana da wadda za ta bar wa yara in za ta asibiti, tana da inda za ta aika a karɓo mata garwashi ko maganin zazzaɓi, in ta haihu ga masu yi mata wankan jego. Duk wannan hidima kyauta ce, ba a san darajarta sai an rasa ta an koma biya. Macen da ke sana'ar cikin gida, ɗinki ko kitso ko sayar da abinci, masu cinikinta maƙwabta ne da 'yan uwa, kuma ba za su bi ta Janguza ba. Gidaje da yawa da aka ce tashi bai karɓe su ba, in ka bincika, ba a yi shawara da matar gida ba ne tun farko. Idan gidajen surukan biyu ba a layi ɗaya suke ba, a duba wane ɓangare ne ya fi buƙatar a kasance kusa da shi. Tsohon da ke da 'ya'ya biyar a kewaye da shi ba ɗaya yake da gwauruwar da 'yarta ɗaya ce tak ba.

Sai ruwa. Matatun Tamburawa da Challawa da Watari suna nan, amma yawancin sababbin unguwanni ba a taɓa shimfiɗa musu bututu ba, rayuwa ta dogara ga rijiyar burtsatse da 'yan garuwa. Farashin jarka yana bin nisan wurin ɗiba da kuma samuwar wuta, yana kuma tashi da bazara. Gida mai mutum takwas da ke sayen kurar ruwa kullum yana iya kashe abin da ya kusa kuɗin hayarsa. A leƙa rijiyoyin maƙwabta a watan Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe, don a nan ake gane unguwa mai ruwa. A yi tambaya kan wuta ma: taransifoma nawa ne, yaushe ta lalace ta ƙarshe, wa ya biya gyara. A unguwanni da yawa karo-karo ake yi, kuma baƙo ba ya tsira.

Shi kuwa gida ko fili, ganinsa na gaskiya a watan Agusta ne. Da rani kowane lungu tsaf yake. Kano gari ne mai kududdufai, da yawansu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne tun zamanin kakanni, kuma su ne ke shanye ruwan sama. An cike da yawa da shara an yanka filaye a kai, ruwan kuma bai fasa neman wurinsa ba. Wanda ba zai iya jiran damina ba ya dubi gindin katangun unguwar, zai ga layin da ruwa ya bari. Ya kuma kula da wuraren da ke bin rafin Jakara da na Getsi, da na kusa da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, inda ruwan majemu ke bi. Ba banza ake samun araha a irin waɗannan wurare ba.

Mai niyyar saye, nan ne ya kamata ya fi nutsuwa. Akasarin filayen bayan gari awon igiya ne: mai gona ya kira masu awo, a yanka fuloti-fuloti, a bar lungu ɗan siriri, a sayar da shaidar mai unguwa ko dagaci. Unguwanni da yawa a garin nan haka aka gina su, ba abin kunya ba ne. Sai dai mai saye ya san abin da ya saya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma takardar ciniki da sa hannun shaidu ba ita ce takardar mallaka ta gwamnati ba. Idan aka zo fitar da titi ko aka ce wurin na makaranta ne ko na maƙabarta, mai takardar ciniki kaɗai hujjarsa ba ta da ƙarfi. Kafin a biya, a je hukumar tsara birane ta KNUPDA da ofishin bayanan filaye na KANGIS a bincika ko filin yana cikin wani tsari na gwamnati. A tabbatar kuma ba gonar gado ba ce da wani magaji ya sayar ba da yawun sauran ba, don irin wannan shari'a takan ci shekaru. A tsaya a ga an kafa iyaka a gaban maƙwabtan fili huɗu. La'adar dillali ma a yanke ta tun kafin ciniki ya faɗa. Dillali sana'arsa yake yi, kuma sai an saya yake samu, saboda haka ba shi ne zai gaya maka lungun yana cika da ruwa ba.

Ni a ganina, wanda bai taɓa zama a unguwa ba kada ya fara da saye. Ya kama hayar shekara guda a can, ya ga damina ɗaya da bazara ɗaya da azumi ɗaya. A cikin wannan shekara zai san ko masallacin unguwar na cika da asuba, ko akwai 'yan sintiri, ko ana ƙwacen waya da magariba, ko Islamiyyar yara tana da malamai. Zai kuma gane da kansa sau nawa ya iya zuwa gaida iyaye a wata, wanda shi ne ainihin abin da ake son sani. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma kiran waya bai soke wannan ba. Tsohuwar da ta saba ganin ɗanta kullum bayan sallar magariba ba za ta ɗauki kiran bidiyo a madadinsa ba.

Akwai waɗanda ma gara su tsallake bayan gari gaba ɗaya su koma ƙaramin gari. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da zai iya neman canjin wurin aiki, ko mai sana'ar da ba sai a kasuwar Kwari ko Singa ko Sabon Gari take ci ba, yana iya samun gida mai tsakar gida a Wudil ko Bichi ko Gezawa ko Kura da kuɗin da ba zai ba shi ɗaki biyu a Tarauni ba, ga hatsi da kayan miya a kusa. Wudil na da jami'a, Bichi na da kwalejin ilimi ta tarayya, Kura na da noman rani da shinkafa. Kuma mota ɗaya ce daga tasha zuwa Kano. Amma wannan na wanda abincinsa zai bi shi can ne. Wanda zai riƙa shigowa birni kullum daga Wudil bai rage komai ba.

Idan 'yan uwa suna da yawa, maganar tashi ta wuce ta mutum ɗaya. Kafin kowa ya kama gabansa, a zauna a gaban iyaye a fayyace wa zai zauna kusa, wa ke da abin hawan da za a kira da dare, wa zai riƙa kai tsoho ganin likita. Wanda ya zauna kusa yana biyan haya mai tsada ne a madadin kowa, don haka waɗanda suka samu sauƙi a Ɗanbare ko Jogana su san da wani kaso da za su riƙa turo masa, a kuma faɗi adadinsa da ranar biyansa tun a wannan zama.