Jigawar Luneburg: inda ake yawon keke a bayan tumaki

Kudu da birnin Hamburg na ƙasar Jamus, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota, akwai wani fili da Jamusawa ke kira Luneburger Heide. Kalmar Heide ba ta da fassara ɗaya tak a Hausa. Mafi kusa da ita ita ce jigawa: ƙasa ce mai rairayi, ba ta riƙe ruwa, ba ta da ƙarfin noma. Abin da ya rufe ta wata gajeriyar ciyawa ce mai itace-itace wadda da ƙyar take kai gwiwa. A watan Agusta sai ta yi fure ja-ja mai sirkin shuɗi, filin duk ya rine. Mutanen wurin har suna da lissafinsu, wai daga 8 ga watan 8 zuwa 9 ga watan 9 ne furen ke kan ganiyarsa. A wannan lokacin mutanen birni ke tururuwa zuwa can, da yawansu a kan keke.

Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Hamburg ne ya fara turo mini bidiyon wurin, daga nan na bi diddigi na karanta. Yawon da kansa ba wuya gare shi ba. Mutum zai hau jirgin ƙasa daga Hamburg zuwa Buchholz, ya canza zuwa ƙaramin jirgin da ke bi ta Handeloh da Schneverdingen. Wanda bai zo da kekensa ba sai ya yi haya a ƙauyukan bakin filin. Daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Oktoba kuma akwai bas-bas na kyauta da ke zagaya ƙauyukan, suna jan tirela a baya don ɗora kekuna. In ka gaji, ka ɗora naka ka zauna.

Tudun da ya fi kowanne tsawo a yankin, Wilseder Berg, mita 169 ne kacal. Mutumin Jos ko na Mambila dariya zai yi in aka ce masa wannan dutse ne. To amma shi ya sa tsoho da yaro da mai jego duk suke iya yawon. Daga ƙauyen Undeloh zuwa Wilsede, wanda ke tsakiyar filin, kimanin kilomita 4 ne. Daga Wilsede ka ɗan ƙara gaba ka hau tudun, inda ake cewa in gari ya washe ana hango Hamburg, sannan ka gangara Niederhaverbeck. A ɗaya gefen akwai wani kwari mai suna Totengrund, wanda ake tsayawa a bakinsa a kalla daga sama. Matsalar da mai keke zai gamu da ita ɗaya ce, mu kuma mun san ta tun muna yara: rairayi. Akwai wuraren da taya ke nutsewa sai ka sauka ka tura, akwai kuma tsofaffin hanyoyi na jeren duwatsu da ke girgiza mutum har haƙori. Keke mai faɗin taya ya fi siririn na tsere a nan.

Babban abin da ya sauƙaƙa yawon shi ne ba mota. An hana motocin baƙi shiga tsakiyar filin. Wilsede gari ne da mutane ke kwana a cikinsa, amma baƙo ba ya isa sai a ƙafa, ko a keke, ko a keken doki. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a Agege ko Ojoo da yamma, tirela a dama ɗan acaɓa a hagu, ya san abin da wannan ke nufi.

Ni dai abin da ya tsayar da ni ba keken ba ne. A gidanmu shanu muke saye da sayarwa, a kara na tashi, don haka idona kan dabba yake fara sauka. Wannan fili da ake kashe kuɗi a zo kallo, makiyaya ne suka yi shi, kuma har yau dabbobi ne ke riƙe da shi.

Asalin wurin daji ne mai bishiyoyi. Ɗaruruwan shekaru mutane suna sare itace, suna sakin dabbobi, har ƙasa ta rame, ba abin da ke iya fita sai wannan gajeriyar ciyawar. Manoman yankin sai suka gina rayuwarsu a kanta. Suna kiwon wata irin tunkiya da ake kira Heidschnucke, mai tokar gashi da baƙar fuska, rago da tunkiya duk da ƙaho, 'ya'yan kuma baƙaƙe ake haifarsu. Ba ta da zaɓen abinci, tana cin wannan ciyawa mai tauri da sauran tumaki ke ƙi. Sannan manoman kan feƙe saman ƙasar da ciyawarta da fartanya su shimfiɗa a garke, tumaki su kwana a kai su yi kashi da fitsari, daga baya a kwashe a kai gona a matsayin taki. Ka ga ke nan irin cinikin da kakanninmu suka yi da Fulani bayan girbi, a kwana a gona a bar taki, sai dai su a nan manomin shi ne makiyayin. Ga kuma zuma, don ƙudan zuma na son furen ƙwarai.

A ƙarni na 19 tsarin ya rushe. Takin zamani ya shigo, ulu mai laushi da auduga daga ƙasashen waje suka karya kasuwar gashin tumakin. Mutane suka sayar da garkunansu, aka mai da wasu filayen gonaki, wasu aka dasa musu bishiyoyin katako. Inda aka bari kawai ba dabba, bishiyoyi suka dawo da kansu. Jigawar ta riƙa ƙanƙancewa har wasu suka tsorata za ta ɓace. Wani limamin coci na ƙauyen Egestorf, Wilhelm Bode, ya nemo kuɗi aka sayi kwarin Totengrund a 1906 don kada a gine shi. A 1909 aka kafa ƙungiyar Verein Naturschutzpark, ta sayi tudun Wilseder Berg a 1910, sannan a ƙarshen 1921 hukuma ta sa wurin a ƙarƙashin dokar kariya. Yana cikin tsofaffin wuraren kariya na Jamus, faɗinsa a yau ya haura hekta 23,000, ko da yake fiye da rabi daji ne mai bishiyoyi, jigawar ba ta kai haka ba.

Katanga da doka kaɗai ba su isa su tsare irin wannan fili ba. In aka kore dabba, cikin 'yan shekaru ciyawar ta tsufa ta bushe, ƙananan bishiyoyi su rufe ta, furen da ake zuwa gani ya tafi. Don haka ƙungiyar da kanta take ajiye garkunan tumaki, ta ɗauki makiyaya aiki da albashi, suna fita da karnukansu rani da damina, har lokacin ƙanƙara. Tumakin na datse kan ciyawar sai ta yi sabon toho. Ana haɗa su da awaki, don akuya ta fi iya gwaguyar ƙananan bishiyoyi, halinta ne ko'ina a duniya. Wata bishiya mai ƙaya da ake kira Wacholder kaɗai suke bari, shi ya sa ake ganinta tsaye ɗai-ɗai a hotuna. Har ma ana cewa in garke ya ratsa yana tsinke saƙar gizo-gizo da ke kama ƙudan zuma. Inda tumaki suka kasa, sai a yanke da inji, ko a feƙe saman ƙasa kamar yadda manoman da suka yi, ko a sa wuta da gangan a lokacin sanyi, ƙaramin yanki bayan ƙaramin yanki.

Mu da ke zaune a Kudu mun san yadda maganar kiwo ta yi zafi, musamman tun 2021 da gwamnonin Kudu suka taru a Asaba suka yanke hana kiwon sake, jihohi irin su Legas suka mai da shi doka. Kullum abin da kunnenmu ke ji shi ne dabba ɓarna ce. Ba zan ce a kwafo Luneburg a kawo Ogun ba, don bambancin a fili yake. Can filin yana da mai shi, an san iyakarsa, an san adadin dabbobin da zai ɗauka, an san makiyayin da sunansa da wanda ke biyansa, kuma garke ba ya faɗawa gonar kowa. Nan rigimarmu a kan gona da amfanin gona take, har da rayuka, ba wasa ba ce. Amma dai a wurin da aka yi wa kiwo tsari, Bature ya lissafa ya ga ya fi masa sauƙi ya biya makiyayi da ya rasa filin. Naman tumakin kuma ana sayar da shi a gidajen abincin ƙauyukan, masu yawon keken nan su ne kwastomomin. Musulmi dai sai ya tambayi yadda aka yi yankan.

Su ma makiyayan can suna da nasu ciwon kan. Kyarkeci ya dawo yankin bayan an daɗe ba a gan shi ba, dole a tsare garke da dare. Hayaƙin motoci da na manyan gonaki yana sauko da sinadarin da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, wanda a nan illa ce, don ciyawa ta gari sai ta danne ta jigawar. Wani sashen filin ma tankokin yaƙin sojojin Birtaniya sun yi ta atisaye a kansa har 1994, sai bayan sun tafi aka sake raya shi.

Ga 'yan'uwa da ke Hamburg ko Bremen ko Hanover da ke son gwadawa da iyali: a je ranar aiki in da hali, don Asabar da Lahadi na Agusta hanyar Wilsede cike take da mutane da kekunan doki. A ɗauki ruwa da rigar ruwa, sararin can ba shi da alƙawari. Doka ce a tsaya kan hanyar da aka shata, ba a kutsa cikin ciyawar. In kuma garke ya tare hanya, a sauka daga keke a jira ya wuce, kada a kaɗa ƙararrawa a tsakiyar tumaki, karnukan makiyayin suna bakin aiki.