Matar Mashayi: Majinyaciyar da Ba a Tambayar Lafiyarta

Idan aka kai mashayin giya asibiti, hankalin kowa yana kansa: hantarsa, makyarkyatar hannunsa, rashin cin abincinsa. Matar da ta rako shi kuwa mai jinya ake ɗaukar ta. Alhali sau da yawa ita ma ba ta da lafiya, kuma ciwonta daga wannan kwalba ya samo asali, duk da ko kurɓi ɗaya ba ta taɓa yi ba.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya ce mutum miliyan 209 ne giya ta kama har ba sa iya rabuwa da ita, kuma tana sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekara. Matan da ke kwana cikin zullumi ba sa cikin wannan lissafi.

Irin wannan mata daga yadda mijin ya turo ƙofa take gane yadda daren zai kasance. Nan da nan ta kora yara ɗaki, ta tura kuɗin cefane ƙarƙashin kwanon gari, ta haɗiye maganar kuɗin makaranta. Jikin da ya shekara cikin shirin ko-ta-kwana gajiya yake yi. Sai faɗuwar gaba, ƙauracewar barci, ciwon kai da rama. Wata ciwon damuwa kan yi mata katutu har ta fara tunanin kashe kanta, amma iyakarta kantin magani, ta sayi maganin ciwon kai ta dawo.

Barasa tana raunana sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki. Wanda ya bugu yakan ɗauki kallo a matsayin raini, ya ɗauki tambaya a matsayin zagi. Ga kuma rigimar kuɗi, tunda abin da za a ci ya tafi mashaya. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun fuskanci duka, tilastawa a shimfiɗa ko muzgunawa daga mazajensu, kuma abin ya fi ƙamari a gidajen da miji ke yawan buguwa. Sai dai maye ba uzuri ba ne. Akwai mashayan da ba su taɓa ɗaga wa mace hannu ba, akwai kuma masu duka da ba su san ɗanɗanon giya ba.

A ƙasar Hausa kunya tana ƙara wa lamarin nauyi. Shan giya abin fallasa ne, don haka matar kan rufa asiri, ta yi wa maƙwabta ƙaryar cewa zazzaɓi ne ya kwantar da shi. In ta yi yaji, a zo biko, a ce, "Ki yi haƙuri, ki zauna don 'ya'yanki." Su kuwa 'ya'yan komai a kan idonsu ake yi.

A wasu wurare matan ne suka fasa ƙwai. A ƙauyen Dubagunta na jihar Andhra Pradesh a Indiya, matan da ke ajin yaƙi da jahilci sun hana shigo da barasa garinsu a farkon shekarun 1990, yunƙurin ya bazu har jihar ta haramta giya a 1995. A Amurka, Lois Wilson, matar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Alcoholics Anonymous, ƙungiyar masu neman daina shan giya, ta jagoranci kafa Al-Anon a 1951 domin iyalan mashaya. Abin da ake nanata musu a can shi ne ba su suka jawo shan ba, kuma ba su za su warkar da shi ba.

A Najeriya, dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda jihohi da dama suka rungume ta, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ga mai dukan abokin aurensa, ta kuma ba kotu ikon hana shi kusantar wanda ya cuta. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri suna duba mashayi da mai ciwon damuwa. Wanda giya ta kama sosai kada ya daina dare ɗaya ba tare da likita ba, don hakan kan jawo jijjiga da ruɗewa, har da mutuwa.

Iyaye, limamai da masu unguwanni, idan mace ta kawo irin wannan kuka, kafin a ba ta haƙuri a tambaye ta ko ana dukanta, ko tana barci, ko tana da inda za ta fake da yaranta. In amsar ta nuna hatsari, kada a mayar da ita ɗakin sai an magance shi.