Kafin Ku Miƙa Wa Gwamnati Makarantar 'Ya'yanku

Idan kuna da yara a wata ƙaramar makarantar kuɗi ko ta al'umma a Boko, Kusada ko Kankia, kun san yadda farkon kowane zango yake. Mai makaranta yana bin bashin zangon da ya wuce, iyaye suna roƙon a jira kaka, malamai kuma suna zaman jiran albashin da bai taka kara ya karya ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, farashin komai ya tashi, har na alli da takarda. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, tazarar da ke tsakanin malamin gwamnati da na ƙaramar makarantar kuɗi ta ƙara faɗi.

Shi ya sa a taron iyaye da malamai ba a rasa mai cewa, "Mu miƙa wa gwamnati mu huta mana." Shawarar ba laifi ba ce. Sai dai wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓen waƙa, don haka ya kamata ku san abin da za ku bayar kafin ku san abin da za ku karɓa.

Yadda Amurkawa suka yi nasu

A Amurka akwai tsarin da suke kira "cata", wato makarantar yarjejeniya. Jihar Minnesota ce ta fara yi masa doka a 1991, aka buɗe makarantar farko a 1992. Gwamnati tana biyan kuɗi gwargwadon yawan ɗalibai, amma kwamitin makarantar ne ke ɗaukar malamai da tsara aikinsa. Sharaɗin shi ne ba a karɓar kuɗin makaranta, ba a zaɓar ɗalibi, idan masu nema suka fi guraben yawa sai a jefa ƙuri'a. Yarjejeniyar tana da wa'adi, galibi shekara biyar. Idan yara ba sa cin jarrabawa, ko lissafin kuɗi bai fita ba, ana iya ƙwace izinin.

A 2008 wasu makarantun cocin Katolika bakwai a birnin Washington sun koma wannan tsari saboda kuɗi sun gaza. Sun tsira daga rufewa, iyaye sun daina biya, amma dole suka daina koyar da addini a aji, domin dokar can ba ta yarda a yi hakan a makarantar gwamnati ba.

Namu tarihin

A nan gida ba mu amfani da wannan suna, amma cinikin tsoho ne a wurinmu. A farkon shekarun 1970, lokacin da lardin Katsina yake cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, gwamnati ta karɓe makarantun mishan. Kwalejin St. John ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, St. Paul ta Wusasa ta zama Kufena, Queen of Apostles kuma ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. Ƙofa ta buɗe wa 'ya'yan kowa, amma waɗanda suka kafa makarantun sun rasa suna, sun rasa ta cewa.

Daga baya wasu jihohi sun juya akala. Legas ta mayar da makarantu ga masu su a 2001. Anambra ta mayar wa coci-coci makarantun firamare fiye da dubu a 2011, gwamnati ta ci gaba da biyan malamai, masu makaranta suka riƙe ragamar gudanarwa. Wannan ne ya fi kama da tsarin Amurka, kuma ya nuna cewa tsakanin riƙe komai da sakin komai akwai hanya ta uku.

Abin da zai canza ranar da aka sa hannu

Sauƙin farko a aljihunku yake. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne a makarantar gwamnati. Marayan da ake korowa gida saboda kuɗin zango zai zauna a aji. Albashin malamai zai fita daga wuyanku, makarantar kuma za ta shiga jerin waɗanda hukumar SUBEB ke iya gina wa aji ko kai wa kujeru.

Amma ku dubi malaman da kuke da su yanzu. Mafi ƙarancin takardar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, ga kuma rajista da hukumar TRCN. Malamar da ta koya wa rabin yaran unguwa karatu, idan takardar sakandare kawai gare ta, gwamnati ba za ta ɗauke ta a matsayin cikakkiyar malama ba. Wanda aka turo a madadinta kuma ba ku kuka ɗauke shi ba. Idan ya riƙa zuwa a makare, ba mai makaranta zai tsawata masa ba, sai an kai ƙara ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Shugaban makarantar da kuka saba da shi, takarda ɗaya ta canjin wurin aiki ta isa ta ɗauke shi.

Sai yawan yara. Yawancinku kun zaɓi makarantar ne don ajin ba cunkoso. Da zarar ta zama kyauta, kowa zai kawo nasa, kuma haƙƙinsa ne. Idan ba a ƙara aji da malamai ba, abin da kuka gudo daga gare shi zai biyo ku.

Batun addini bai kai na Amurka tsauri ba, tunda makarantun gwamnati a nan suna koyar da addinin Musulunci. Sai dai darasi ne ɗaya cikin jadawali. Idan makarantarku tana ware safiya don hadda da tajwidi, kada ku ɗauka hakan zai ci gaba don kawai an yi alkawari da baki.

Abin da za ku nema a rubuce

Ku fara da fili da gini. Na wane ne, kuma wa zai mallake su bayan miƙawa? Idan wani bawan Allah ne ya bayar da filin wakafi, a rubuta manufar wakafin da shaidu, da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Ku nemi a fayyace malaman da za a riƙe da waɗanda za a sallama, da haƙƙin da za a ba su. Ku tambayi adadin yaran da za a sa a aji ɗaya, da awannin karatun Alƙur'ani, da kujerun da waɗanda suka kafa makarantar za su samu a kwamitin gudanarwa na SBMC. Kada a bar iyaye mata a baya wurin wannan zama, su suka fi sanin abin da yaro ke dawowa da shi gida.

Kuma ku tuna ba dole sai an miƙa duka ba. Ana iya roƙon gwamnati ta turo malaman lissafi da kimiyya, ko ta gina aji biyu, makarantar tana hannunku. Wanda zai ƙi ku da tallafi kaɗan ya fi wanda zai karɓa da alkawarin da ba a rubuta ba.

Idan an taɓa karɓar wata makarantar al'umma a garinku, ku ba mu labari a sashen ra'ayoyi da ke ƙasa: malaman farko suna nan? Yara nawa ne a aji yanzu?