Annobar Korona da Koyon Aikin Likita

Ilmin likita iri biyu ne. Akwai na ka, watau wanda ake samu daga littafi da bakin malami. Akwai kuma na hannu, wanda ba ya samuwa sai a gefen gadon majiyyaci. Tun da daɗewa tare ake koyar da su, har ba a cika lura da bambancinsu ba. Annobar korona ce ta raba su, sa'an nan aka ga iyakar kowanne.

Ran 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta zama annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare, makarantun likita na Amurka sun janye ɗalibansu daga asibitoci, domin gudun yaɗa cuta, da kuma ƙarancin takunkumi da rigunan kariya. A Ingila kuwa, sai aka gaggauta yaye 'yan ajin ƙarshe don su taimaka a asibitoci. Sauran ɗalibai suka koma gida, darasi ya koma kan intanet.

To, wannan hanya ta yi rana a fannonin da ke bukatar bayani, kamar sanin aikin gaɓoɓin jiki da ilmin magunguna. Malami ya naɗi laccarsa, ɗalibi ya saurara, in bai gane ba ya maimaita. Amma fa a nan amfaninta ya tsaya. A dubi yadda likita ke ƙwanƙwasa ƙirjin majiyyaci da yatsa, kamar yadda mai sayen tukunya ke ƙwanƙwasa ta ya ji ko tana da tsaga. Daga amon da ya fito yake gane ko iska ce a ciki ko ruwa ya taru. Haka nan lalubo kumburin saifa, da neman jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse, da sanar da dangi labarin mutuwa. Duk waɗannan ba a iya su sai an yi ta yi a gaban gwani, yana gyara kuskure nan take.

A Nijeriya al'amarin ya fi tsanani. Gwamnati ta rufe jami'o'i a cikin Maris 2020, a daidai lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai ran 23 ga Disamba. Saboda haka ɗaliban jami'o'in gwamnati, irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, sun shafe wajen wata tara ba karatu sosai, sai a farkon 2021 aka koma aji. Inda ma aka gwada koyarwa ta intanet, sai ga matsalar wutar lantarki da tsadar data. Ɗan birni mai kwamfuta ya bi darasi, ɗan ƙauye mai ƙaramar waya ya rasa. Karatun da aka tsara a kan shekara 6 ya zarce haka, a ƙasar da likitoci ba su wadata ba.

Abin lura shi ne, asarar ba ta ɗalibi ba ce shi kaɗai. Laccar da aka rasa ana iya rama ta a mako guda, amma hannun da bai saba ba, a jikin majiyyaci zai yi koyo. Ko da yake an sanar da ƙarshen dokar ta-ɓaci kan cutar ran 5 ga Mayu 2023, wata annobar na iya tasowa. Ya kamata ke nan makarantun likita su bar wa intanet abin da za ta iya ɗauka, su kuma tanadi kayan kariya da tsarin ƙananan rukunoni, yadda ko an rufe aji, ba za a raba ɗalibi da gadon majiyyaci ba.