Batir Mai Gudanar Ruwa: Hanyoyin Haɗa Sassansa da Kuɗi Kaɗan

Batirin mota da kowa ya sani yana riƙe da lantarkinsa ne a jikin farantan darma da ke cikinsa. Akwai wani nau'in batir kuma wanda ke ajiye nasa a cikin ruwa. Ana zuba ruwan sinadari a tankuna biyu, sai famfo ya riƙa tura kowanne cikin wani ƙaramin akwati inda suke wucewa kafaɗa da kafaɗa, wani siririn tantani yana tsakaninsu. A nan ake yin musayar da ke haifar da lantarki. Girman tanki shi ke nuna yawan lantarkin da za a ajiye, faɗin akwatin kuwa shi ke nuna ƙarfin da za a iya ja a lokaci guda.

Lawrence Thaller na hukumar NASA ta Amurka ne ya fito da tsarin a shekarun 1970, da ruwan ƙarfe da na kuromiyam. A shekarun 1980 Maria Skyllas-Kazacos ta Jami'ar New South Wales a Ostireliya ta ƙirƙiro mai amfani da banadiyam, wanda irinsa ne aka haɗa da layin wutar birnin Dalian na ƙasar Sin a 2022, mai ƙarfin megawat 100. Sai dai ɗalibi ko mai sha'awar gwaji a gida ba ya da aljihun irin waɗannan ma'aikatu, don haka dole ya san inda kuɗin ke tafiya.

Kaso mai yawa daga cikinsa kan tafi ne wajen tantani. Aikinsa shi ne ya bar ƙananan ƙwayoyin ayon su ratsa domin lantarki ya zagaya, ya kuma hana ruwan biyu cakuɗuwa. Wanda ya fi shahara shi ne Nafion, da aka ƙirƙiro a kamfanin DuPont a ƙarshen shekarun 1960, kuma murabba'in mita guda nasa kan ci ɗaruruwan daloli. Hanyar kauce masa ba ta cikin shagon sayar da kaya, tana cikin zaɓen ruwan da za a zuba. Idan ruwan tankunan biyu daban-daban ne, duk ɗigon da ya tsallaka ya ɓata ɗan'uwansa ke nan, ba gyara. Idan kuwa haɗi ɗaya aka zuba a tankunan duka biyu, tsallakawar ba ta jawo komai illa ɗan asarar caji, kuma ana iya sake gauraya ruwan a raba shi. Masu binciken NASA kansu sun koma ga wannan dabara a farkon shekarun 1980. Da irin wannan haɗi, ko na ƙarfe zalla ko na tutiya da aidin, tantani mai ƙananan ƙofofi ya wadatar, kamar takardar roba da ake sa wa tsakanin farantan batirin mota, irin ta Daramic. Ƙungiyar Flow Battery Research Collective, wadda ke raba zanen ƙaramin batirin gwaji kyauta, har takardar buga hoto ta yi amfani da ita a wannan gurbi. Amma a nemi sabuwar takardar roba. Wadda aka zare daga mataccen batir ta riga ta sha darma, darma kuwa guba ce.

Wannan arha tana da nata farashi. Tantani mai ƙofofi yana barin batir ya riƙa zubar da cajinsa a hankali, sannan a batirin tutiya, ƙarfen kan tsiro kamar ƙaya lokacin caji, har ya huda takardar ya haɗe ɓangarorin biyu.

Sashe na biyu shi ne wani baƙin bargo na zaren girafait, wato dangin baƙin abin da ke cikin fensir. A jikin zarensa ne musayar take faruwa. Sabon bargo ba ya shan ruwa, ɗigo kan tsaya a kansa kamar a kan ganyen gwaza. A 1992 Sun da Skyllas-Kazacos sun nuna cewa gasa shi a cikin iska a zafin digiri 400 na tsawon awa 30 yana gyara wannan matsala. Tanda ta ɗakin gwaji ta isa yin aikin, kuma alamar nasara a bayyane take: a ɗiga ruwa, in bargon ya shanye shi nan take, ya gasu.

Da irin waɗannan haɗe-haɗe, kowane akwati guda kan ba da kimanin bolt 1.2 zuwa 1.3, saboda haka mai neman bolt 12 sai ya jera kamar goma. Farantin da ke tsakaninsu dole ya wuce da lantarki ya kuma jure wa ruwan. Tagulla da jan ƙarfe ba sa jurewa. Abin da ake yi shi ne a rufe su da fallen girafait mai lanƙwasuwa, ko a gauraya garin girafait da garin roba a matse da zafi. In garin ya yi yawa faranti ya yi gautsi, in roba ta yi yawa lantarki ya ƙi wucewa.

Shi kuwa gangar jikin akwatin, na'urar nan mai ƙera abu da narkakkiyar roba hawa-hawa ta sauƙaƙa shi ƙwarai. Sai dai robar PLA da aka fi sawa a na'urar ba ta daɗewa a cikin asid. Folifurofilin ce mai jurewa, ga ta kuma da wuyar sha'ani, domin takan kantare idan tana hucewa, ruwa kuma ya sami hanya tsakanin hawa da hawa. Don haka ake fara gwada akwati da ruwan famfo na wasu awoyi, a shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashinsa don ganin yoyo, kafin a zuba sinadari. Ko bayan an zuba, a yi caji a wuri mai iska, domin batirin ƙarfe yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, kuma ruwan da ke da gishirin kulorayid kan saki iskar kulorin idan caji ya wuce kima.